Idan wanda ya kafa ɗakin kwaikwayon tafiya sararin samaniya ya sauka, wa ya kamata ya gaje shi?

Malam_Nafiu_BK:
Assalamu alaikum malamai. Kwamitin da ke tsara buɗe ɗakin kwaikwayon tafiya sararin samaniya domin 'yan sakandare a nan Birnin Kebbi ya cije a kan tambaya guda: ranar da wanda ya kafa wurin ya yi ritaya, ko aka yi masa canjin wurin aiki, wa zai riƙe? Abin da ya jawo maganar shi ne wata cibiya a Amurka mai sunan Christa McAuliffe, a garin Pleasant Grove na jihar Utah. Malamin firamare ne ya kafa ta a 1990, ya riƙe ta sama da shekara 20. A 2012 aka rufe ta saboda matsalar wayoyin lantarki, a 2013 ya yi ritaya, wasu suka karɓa, kuma ga ta nan tana aiki. A ganina da a nan ne, da tuni an mayar da ɗakin sito. Shi ya sa na ce magaji dole ya zama malamin fiziks, wanda ya san abin da ake kwaikwaya. Wasu a kwamitin sun ce mai gyaran kwamfuta, wasu sun ce wanda ya iya mulki da neman kuɗi. Me kuka gani?

Injiniya_Jega:
Wa alaikumus salam. Malam Nafi'u, kafin a kai ga wa zai gada, a fara sanin me za a gada. Tsarin da aka fi sani ɗaki biyu ne. Ɗaya kumbo, ɗaya ɗakin kula da kumbo a ƙasa. Ana raba aji gida biyu, kowane ɓangare ya shiga ɗaki guda, ba sa ganin juna sai ta rediyo da allo. Ɗalibai 16 zuwa 32, tafiyar awa biyu zuwa biyu da rabi, a tsakiya a yi musaya, na sama su sauko, na ƙasa su hau. A tsohon tsarin ƙungiya takwas ne: sadarwa, saita hanya, lafiya, kula da iska da ruwa, haɗa na'urar bincike, binciken duwatsu cikin akwati mai safar hannu, sarrafa abubuwa masu haɗari da hannun mutum-mutumi, da aika bayanai. Kowane ɗaki da babba guda da ke jan ragamar wasan. Waɗannan mutum biyun su ne cibiyar. Shugaba na iya tafiya Litinin a yi tafiya Talata, amma in ɗaya daga cikinsu ya tafi babu wanda aka horar, an rufe ke nan.

Malama_Hauwa_Yauri:
Gyara kaɗan don kada a haɗa biyu. Abin da Injiniya ya bayyana tsarin cibiyoyin Challenger ne, waɗanda iyalan 'yan sama jannati bakwai da suka mutu a haɗarin kumbon Challenger na 28 ga Janairu 1986 suka kafa. Ta farko an buɗe ta a Houston a 1988. Ta Utah da Malam Nafi'u ya kawo ba cikin jerinsu take ba, suna kawai ta ɗauka. Salonta ma daban: labari ake shiryawa na jirgin da ke tafiya cikin taurari, mai jagoranci yana bayan bango yana canza murya, matasa 'yan sa-kai suna taya shi. Bambancin yana da tasiri a kan tambayarmu. Mai bin tsarin uwar ƙungiya tana da rubutaccen shiri da horo daga sama, ko wa aka kawo zai tarar da su. Wadda mutum ɗaya ya ƙirƙira, rabin shirin a kansa yake.

Sannan Malam, ita Christa McAuliffe ɗin ai ba fiziks take koyarwa ba. Malamar tarihi da zamantakewa ce a sakandaren garin Concord, aka zaɓo ta cikin malamai sama da 11,000 don ta tafi a kumbon Challenger, tana cikin bakwai ɗin da suka mutu.

Malam_Nafiu_BK:
Na karɓi gyara, Malama. Amma ita fasinja ce, ba shugabar cibiya ba. In yaro ya tambayi me ya sa 'yan sama jannati ke shawagi cikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, shugaban da bai san fiziks ba zai ce don babu maganaɗisun ƙasa a can. Alhali a nisan kilomita 400 jan da ƙasa ke yi ya ragu ne da kusan kashi goma sha ɗaya cikin ɗari kawai. Faɗowa suke yi ba tsayawa, su da tashar tare, suna kewaya duniya duk minti 90.

DanGwandu77:
Allah shi gafarta Malam, wagga amsa ai ba shugaba ka ba da ita ba, mai jan wasan ka ba da ita. Shugaba aikinai shi tabbata an biya mai jan wasan, an zuba ma batir ruwa, makarantu sun san ranassu. Mun sha ganin ɗakin gwaje-gwaje da anka ba malamin da ya fi kowa ilimi, shekara biyu ba a sayi ko kwalba guda ba don bai iya rubuta takardar neman kuɗi ba.

Injiniya_Jega:
Tunda DanGwandu ya taɓo batir, ga lissafin da ya kamata duk magaji ya iya yi da ka. Kwamfutar cinya 16, kowace wat 50, wat 800 ke nan. Majigi 300. Babbar kwamfutar da ke riƙe da manhajar wasan 150. Rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin da juna, da akwatin rarraba waya 30. Fanka huɗu 280. Fitilu da lasifika 100. Jimla kusan wat 1,700. Inbata mai 5kVA ta ɗauka da sarari, muddin ba a jona mata na'urar sanyaya ɗaki ba.

Batir huɗu masu 12V 200Ah a jere suna ba da 48V, wato kilowat-awa 9.6 a takarda. Amma batir mai ruwa ba a cinye masa fiye da rabi, saura 4.8. A raba da 1.7, a cire asarar inbata, abin da ya rage awa biyu da rabi ne. Tafiya ɗaya cif, babu ƙari. Don haka farantan sola ne ke ɗauke da aikin da rana, batir ɗin na ranar hadari ne kawai. Faranti takwas masu wat 450 sun isa tafiya biyu a yini.

Inda abin ke lalacewa bayan canjin shugaba: tsohon ya san cewa da hunturu sai an wanke farantan sau biyu a mako, da sassafe kafin su yi zafi, kuma ya san cewa daga Maris zuwa Mayu, da zafinmu ke haura digiri 40, sai an duba ruwan batir duk wata. Bai rubuta ba saboda a wurinsa abu ne sananne. Sabo ya zo, ruwa ya ƙafe har farantan cikin batir suka leƙo, ko aka zuba ruwan rijiya maimakon tataccen ruwa. Wata shida batir sun mutu, sai a ce sabon shugaba ba shi da albarka.

Aunty_Zuru:
Injiniya ka manta zafin da ke kashe batir ko an zuba ruwan. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba rayuwar batir mai ruwa biyu. A ajiye su ɗaki mai taga biyu, ba ƙarƙashin kwano babu silin ba. In da hali a sayi na lithium tun farko, ana cinye masa kashi 80 ba ya damuwa, kuma babu zancen ruwa da wani zai manta.

Sadiq_Kaura:
Daga Ƙauran Namoda nake bibiya. Ni a wurina wuta ba ita ce babbar barazana ba, don ko ta lalace ana gani da ido, a kira mai gyara. Abin da ba a gani shi ne mabuɗai. Imel ɗin cibiya da layin wayar wa aka buɗe shi? Kusan kullum da layin mai kafawa, wanda ke haɗe da lambar NIN ɗinsa. Ya tafi da layinsa, lambar tabbatarwa tana zuwa masa a wani gari. In kuma ya ajiye layin ya daina amfani da shi, kamfani ya sake sayar da shi, shi ke nan imel da duk abin da ke ciki. Magani: layi na cibiya, yana cikin waya a ofis, ana sa masa kati a kai a kai, kalmomin sirri a rubuce cikin ambulan biyu, ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin shugaban amintattu.

Na biyu, adireshin babbar kwamfuta. Duk kwamfutocin ɗalibai suna neman ta ne a lamba guda, misali 192.168.1.10. Rauta ta ƙone, aka sayo sabuwa, ita kuma tana raba lambobi masu farawa da 192.168.0. Kowace kwamfuta na kunnuwa lafiya lau, amma babu wadda ke ganin uwar. Gyaran minti biyar ne ga wanda ya sani, ga wanda bai sani ba sai a yi zango guda ana cewa manhaja ta lalace. A rubuta lambar a takarda a liƙa jikin kwamfutar.

Na uku, ƙaramin batir CR2032 da ke riƙe agogon kwamfuta. In ya mutu kwanan wata ya koma baya, manhajar da ke da lasisi sai ta ƙi buɗewa. A ajiye guda goma a durowa. A kuma kwafe faifan kwamfuta ɗaya mai lafiya da manhajar kwafar faifai ta Clonezilla, duk wadda ta rikice a mayar mata.

Malam_Nafiu_BK:
To Sadiq, kai ke nan mai gyaran kwamfuta kake goyon baya?

Sadiq_Kaura:
A'a Malam. Mai gyara ya zama yana da kujera da murya, ba sai ya zama shugaba ba.

Dr_Aliero:
Maganar murya da Sadiq ya yi, ai a kanta aka rasa kumbon da waɗannan cibiyoyi ke tunawa. Daren da ya gabaci tashin Challenger, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol sun ce kada a tashi, saboda sanyi zai sa zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar ya ƙi miƙewa. Manya suka danne ra'ayinsu. Da safe aka tashi sanyi na kusan digiri 2, bayan daƙiƙa 73 kumbon ya tarwatse. Kwamitin Rogers da ya bincika bai tsaya kan robar ba, ya ɗora laifi har a kan yadda ake yanke shawara. To ku sa a dokar cibiyarku: in mai kula da na'urori ya ce yau ba za a shigar da yara ba, ko wayar wuta na ɗumi ko inbata na wari, maganarsa ta zauna, ko da motar makaranta ta taso daga Bunza tana ƙofa. Sabon shugaba shi ya fi shiga wannan tarko, don yana tsoron a ce daga zuwansa an fara mayar da baƙi.

Baba_Argungu:
Ku yi haƙuri 'ya'yana, ni tambaya gare ni. Makarantun da ba su da benci, mi za su yi da kumbo na ƙarya?

Malama_Hauwa_Yauri:
Baba, Allah ya ƙara girma, tambayar na kan hanya. Sunan ne ke da tsoratarwa, kayan ba su kai haka ba. Teburin kula da ruwa, soɓorodo ya isa: a jiƙa a tace, a ɗiga a ruwan lemun tsami ya yi ja wur, a ɗiga a ruwan kanwa ya juya kore. Yaro ya gano wane tanki ne ya gurɓace, ya faɗa ta rediyo a taƙaice, na ƙasa su duba littafi su ba shi umarni. Teburin iska, ruwan farar ƙasa: ƙaramin cokali ɗaya a lita guda, a girgiza, a bari ya kwana, a tsiyaye na sama. Yaro ya hura da tsinken shan lemo, ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, ga iskar da numfashi ke fitarwa, wadda ke taruwa a kumbo, ya gani da idonsa. Daga nan a ba su labarin kumbon Apollo 13 a 1970, da aka haɗa matatar iska mai kusurwa huɗu da rami mai da'ira da leda da kwali da salatif.

Ko nan akwai abin da ke ɓacewa da tafiyar mutum. Ba kowace farar ƙasar kasuwa ke yi ba, wata alli ce zalla, sai ƙonanniya da aka kashe da ruwa. In an bar kwalbar a buɗe ta sha iska ta mutu. In yaro ya daɗe yana hurawa, farin sai ya washe, ya ɗauka bai yi daidai ba. Wa zai gaya wa sabon malami waɗannan in ba a rubuta ba?

Baba_Argungu:
To in haka na, na gamsu rabi. Sauran rabin sai na ga benci.

Faruku_Gusau:
Wajenmu akwai abin da ba a ambata ba. Ba kowane uba zai bar ɗansa ya hau mota daga Tsafe ko Anka don wasan kumbo ba, kun san halin hanya. Shugaban da zai yi amfani shi ne wanda zai yarda a zuba cibiyar cikin akwatuna ta je wurin yaran. Kwamfuta takwas, rauta ɗaya, rediyon hannu huɗu, majigi, aji biyu masu maƙwabtaka. Ba a buƙatar intanet. Stellarium, manhajar nuna taurari, kyauta ce kuma tana aiki ba data, a saita ta kan Gusau a nuna musu Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki a inda suka saba ganinsu. Jinkirin saƙo ma da agogon hannu ake yi: zuwa duniyar Wata daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, zuwa duniyar Mars daga minti 3 zuwa 22 gwargwadon nisanta. Masu kafa cibiya sukan ƙi wannan, don sun saba da ɗakin da suka yi wa fenti da hannunsu.

DanGwandu77:
Stellarium ɗin nan hwa tana amfani ga duban jinjirin wata, tana nuna tsawonai bisa sararin yamma sa'ad da rana taf faɗi.

Dr_Aliero:
Tana nuna inda za a duba, ba ta ce an gani ba. Sanarwa ta fadar Sarkin Musulmi ce. Kada sabon shugaba ya kuskura ya sa cibiya cikin wannan, mu koma kan batu.

Barista_Kamba:
Ɓangaren takardu. In a ƙarƙashin makarantar gwamnati za a yi, ku sani ba kwamiti ke zaɓen magaji ba, takardar canjin aiki ce za ta zo da suna, kuma tana iya zuwa tsakiyar zango. Duk muhawarar fiziks ko kwamfuta ta tashi a banza. In ana son ikon zaɓe, a yi rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, sannan a yi yarjejeniya da makarantar kan ɗaki. Amintattu su kai biyar, kada mai kafawa ya zama shi ne shugaban amintattu kuma shi ne darakta. Canza amintacce sai an buga a jarida an jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, don haka ba abin da ake farawa ranar walimar bankwana ba ne.

Asusun banki masu sa hannu uku, kowane biyu su isa. Sauya mai sa hannu na buƙatar ƙudurin amintattu a rubuce da BVN na sabon, kuma yakan ɗauki makonni. In mutum ɗaya ne ke sa hannu ya tafi, alawus ɗin masu jan wasa ya tsaya, su kuma su kama gabansu. Kayan aiki a yi musu rajista da lambar jikinsu, mai fita da mai shiga su ƙirga tare a gaban shaida. Rigimar da ta fi yawa ita ce majigi ko kyamarar da mai kafawa ya saya da kuɗin aljihunsa. Tun yau a rubuta: kyauta ce ko aro?

Aunty_Zuru:
A ƙara da masu yi wa ƙasa hidima. Su suka fi iya jan wasan, amma shekara guda suke yi. Wannan canjin shugabanci ne da ke zuwa duk shekara ba sallama. Kowane ɗan hidima a haɗa shi da malamin dindindin, kuma a samu mace aƙalla ɗaya cikin masu jagoranci, in ba haka ba makarantun 'yan mata ba za su yi layi ba.

Sani_NASRDA_fan:
Ko hukumar sararin samaniya ta ƙasa ai ta canza hannu. An kafa NASRDA a 1999, a 2024 Dakta Matthew Adepoju ya karɓa daga Dakta Halilu Shaba. Tauraron ɗan'adam na NigComSat-1 da aka harba a 2007 ya mutu a 2008 saboda matsalar farantan solarsa, sai a 2011 aka maye gurbinsa. Su ma sola ce ta ci su, Injiniya.

Injiniya_Jega:
Nasu ba a hawa da tsani a wanke. Namu ba mu da uzuri.

Komawa ga tambayar Malam Nafi'u. Ko wa aka zaɓa, miƙa ragama zango guda cur ya kamata ya ɗauka. Tafiya goma yana kallo daga kusurwa da littafi a hannu. Goma yana riƙe da ɗakin ƙasa, tsohon na kumbo. Biyar shi ke jan komai, tsohon na zaune bakinsa a rufe. A cikin biyar ɗin nan a kashe masa rauta da gangan, a cire fulogin majigi, a ga ko zai iya mayar da matsalar cikin labari, ya ce guguwar rana ce ta katse sadarwa, yara su koma takarda da rediyo har a gyara. A ɗauki bidiyon tafiya uku cikakku da muryar tsohon. Kuma sabon kada ya taɓa rubutun wasan a zangonsa na farko.

Malama_Hauwa_Yauri:
Na yarda da komai ban da na ƙarshe. In rubutun da Turanci zalla aka yi shi, 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare suna ɓata minti 20 kan karanta katin umarni, sabon ya fassara shi Hausa tun makon farko. Ba sai ya jira zango ba.

Injiniya_Jega:
Fassara daban, sauya tsari daban. Amma a gwada da malamai tukuna. Lambobin da ke katin saita hanya suna haɗe da na katin aika bayanai, in aka gyara ɗaya aka bar ɗaya kumbo ba zai taɓa sauka ba.

DanGwandu77:
Shi kuma tsohon, a sa shi cikin amintattu ko a sallame shi? Ni na ce a sallame shi da girma. In yana nan, ma'aikata wurinai za su riƙa kai ƙara.

Barista_Kamba:
Ban goyi baya ba. Shugabannin makarantu da masu ba da tallafi shi suka sani, lambarsa ke wayarsu. A ba shi kujerar mai ba da shawara ta shekara ɗaya, babu ƙuri'a, babu mabuɗin ɗaki.

Dr_Aliero:
Babu mabuɗi, amma duk wanda ke wurin shi ya koya masa aiki? Barista, wannan a takarda ne kawai.

Malam_Nafiu_BK:
Na gode ƙwarai. Har yanzu ina kan malamin kimiyya, sai dai na sassauta, ba lallai fiziks ba. Kwamiti zai zauna Asabar bayan la'asar. Sadiq, turo min jerin abin da za a sa cikin ambulan. Injiniya, lissafin nan naka in an ƙara na'urar sanyaya ɗaki guda mai ƙarfin doki ɗaya da rabi a ɓangaren kumbo fa? Ɗakin ba taga, an ce sai ya yi duhu.

Injiniya_Jega:
Ƙara wat 1,200 a kai, kuma sai mai inbata a cikinta, don ta gargajiya tana fizgar wuta ninki uku ko fiye wajen tashi. Faranti su koma 12, batir kuma awa biyu da rabin nan ta koma ɗaya da rabi. Auno min tsawo da faɗin ɗakin, da ko akwai silin, kafin Asabar ɗin.